Sisinni da Bangon Ƙofar Tafki

Na dawo Nikiya ne cike da shakka. Tun ina ɗan yaro aka kai ni Sirakusa wurin kawuna, can na yi karatu, can na yi gemu, kuma abin da karatun ya bar mini shi ne raina majalisun manyan coci. Na karanta labarin majalisa ta farko, wadda aka yi a garin nan namu, wadda har yau in mutumin Nikiya ya je baƙon wuri da ita yake tinƙaho. Na ga yadda dattawa suka daɗe suna ja-in-ja a kan magana, suka watse, masunta kuwa suka ci gaba da jefa taru kamar ba a yi ba. Saboda haka da aka ɗauko ni tafinta, in riƙa juya wa baƙin Roma abin da ake faɗa a wannan majalisa ta biyu, na zo da tunanin ko an yarda a girmama hotunan tsarkaka ko an hana, ba abin da zai taɓa tukunyar talaka. Ban ce shakkar ta bar ni gaba ɗaya ba. Amma labarin Sisinni mai yaɓe ya rage mata ƙarfi, shi ya sa zan ba da shi yadda na gani da yadda ya faɗa mini.

An haifi Sisinni a shekarar da rundunar Larabawa ta kewaye ganuwa ta kasa shiga. Ya tashi yana jin gardamar a bakin manya. Waɗansu na cewa hotunan Ubannin majalisar farko ne suka tsare gari, waɗansu na cewa kaurin ganuwa ne da ƙarfin sarki. Ubansa mai yaɓe ne, ba ya shiga gardama. Da girgizar ƙasa ta tsattsage rabin gidajen gari, aiki ya yi wa uban yawa, sai ya miƙa wa ɗan cokalin yaɓe tun bai gama tsawo ba.

Abu na farko da ya koya masa shi ne, sabon yaɓe ba ya kama bango mai santsi. In za ka rufe tsohon shafe, sai ka ɗauki gizago ka sassare shi, ka yi masa ƙananan ramuka kamar fuskar mai zanzana, sannan farar ƙasa ta sami wurin riƙo. Wanda ya yi ƙyuyar sara, yaɓensa zai yi ciki, ya kumbura, wata rana ya zubo a kan mai gida.

Sisinni na da aure da 'ya ɗaya a goye lokacin da umarni ya zo daga Birnin Sarki, babban birnin daula, cewa hotuna gumaka ne, a kawar da su daga kowane wurin ibada. Manyan coci aka ba manyan magina. Shi kuwa aka tura shi ɗan ɗakin addu'ar masunta da ke jikin Ƙofar Tafki, inda aka yi masa baftisma, inda matan unguwa ke kunna fitila in mazansu sun shiga ruwa iska ta taso. A bangon ɗakin akwai Maryamu a zaune, riƙe da Yaron, kuncinsa manne da nata. Ba mai rai da ya san wanda ya zana ta.

Hafsan sojan da ya kawo umarnin ya sa aka ajiye masa kujera a bakin ƙofa, ya zauna ya harɗe ƙafa.

"Kankarewa ko rufewa, ranka ya daɗe?" in ji Sisinni.

"Wanne ya fi sauri?"

"Rufewa."

"To rufe. Amma ina son jin ƙarar gizago. Na san halinku, ku masu yaɓe. In na dawo baɗi na ga ido yana leƙo ni ta cikin farar ƙasa, hannun da ya yi aikin zan tafi da shi a jaka."

Sisinni ya fara daga ƙasa. Ya sari ƙafafunta, ya sari shuɗin mayafinta, ya sari hannayen da ke riƙe da Yaron. Matan unguwa na waje suna kuka, kowane sara kamar a jikinsu ake yi. Rana ta kai tsaka ya kai kafaɗa. A daidai nan ƙamshin gasasshen kifi ya shigo daga bakin ƙofar gari, hafsan ya shaƙa, ya tashi da yaransa, ya ce kafin ya dawo a gama.

Abin da Sisinni ya yi bayan fitarsu bai ɗauki lokaci ba. Ya kwance ƙyallen lilin da matarsa ta ƙunso masa burodi a ciki, ya narkar da guntattakin kyandir na kakin zuma, ya jiƙa ƙyallen, ya shimfiɗa shi a kan fuskokin nan biyu. Ya danna gefunan ƙyallen cikin ramukan da ya sara a kewaye, ya watsa farar ƙasa a kai. Yana yi yana buga gizago a jikin dutsen taga don na waje su ji aiki bai tsaya ba. Hafsan ya dawo yana sakace, ya ga bango fari tas, ya ƙwanƙwasa da sanda daidai tsayinsa, ya ji tauri, ya tafi.

To, amma wurin da ba a sara ba, ba ya riƙe yaɓe. Da sanyin farko ya wuce, Sisinni ya shiga ɗakin, ya ga bangon ya yi ciki daidai wurin fuskar, da siririyar tsaga a gefe. In ya zubo, ido zai leƙo, a zo a kankare shi har bulo, a kuma nemi hannunsa. Ya koma gida ya ɗauko tsani. Baɗi ma haka. Kowace shekara kafin Idin Tashin Almasihu sai a ga Sisinni da tsani a kafaɗa da bokitin farar ƙasa, ba wanda ya aike shi, ya hau ya ƙara shafi a kan fuskar Uwa.

Wannan ne unguwa ta kasa yafe masa. Wanda soja ya tsaya a kansa ya yi aiki, kowa ya san tilas ba ta rasa ɗakin kwana. Amma mutumin da ke dawowa da ƙafarsa, da farar ƙasarsa, shekara bayan shekara, wannan ƙiyayya ce tsagwaronta. Suka sa masa suna Rufe-Ido. Masunta suka daina kiransa gyara. In ya wuce kasuwar kifi, sai mata su tofar da yawu gefe. Wadda ta fi kowa zafi ita ce Gorgoniya mai kifi, wadda ƙanenta ɗan zuhudu ne, cikin masu barin duniya don ibada. An kama shi da hoto a cikin riga, aka ƙone masa gemu, aka yanke masa hanci, aka kore shi, ya mutu a ƙasar da ba wanda ya san kabarinsa.

Sisinni bai gaya wa kowa ba. Limamin wancan zamani kunnen hukuma ne. Matarsa kuwa mace ce mai taushin zuciya, ya san in ta sani za ta riƙa durƙusa wa bangon, a gane. Ta mutu tana tsammanin ta auri maƙiyin Uwar Almasihu, tana yi masa addu'ar shiriya. Aka binne ta a bayan ɗakin addu'ar, ya bar wa kansa wuri a gefenta. 'Yarsu Antusa ta girma ta buɗe tanderun burodi, kuma rabin unguwa sun gwammace su taka har tsakiyar gari da su saya a hannun 'yar Rufe-Ido.

Shekara talatin da ɗoriya ana haka, sarakuna suka shuɗe, mulki ya koma hannun sarauniya, uwar sarki yaro. Ta kira majalisa a Birnin Sarki don a maido da hotuna, sojoji suka kutsa da takuba suka tarwatsa ta. Shekara ta kewayo aka sake kira, wannan karon a Nikiya, don albarkar ta farko. Gari ya cika lokacin tsinkar inabi. Bishop-bishop fiye da ɗari uku, 'yan zuhudu ba iyaka, alfadarai a kowane lungu, dakaru a kan kowace ɗaya daga ƙofofin gari huɗu don kada a maimaita na bara. Aka zauna a Cocin Hikima Mai Tsarki, aka yi ta karatu da muhawara, a ƙarshe aka yanke cewa a girmama hotuna, sujada kuwa ta Allah ce shi kaɗai, kuma tsinuwa ta tabbata a kan mai ƙin haka.

Ba a kwana biyu ba Uba Filaret, limamin ɗakin addu'ar na yanzu, ya iso tanderun Antusa da safe. Ya tarar da tsohon yana zaune a kan buhun gari.

"Baba Sisinni, mutanen unguwa sun kawo ƙararka. Suna so ran Lahadi a karanta sunanka a bakin ƙofa, cikin waɗanda aka tsine wa."

Kowa a wurin ya san ma'anar wannan. Ba cin Jibin Ubangiji, wato tsarkakan burodi da ruwan inabi na coci, ba gaisuwa, ba kabari a ƙasar coci. Wanda aka yi wa haka ba ya iya zama a gari, sai ya fita ta ƙofa ya nemi inda zai mutu.

"Amma majalisa ta bar ƙofar tuba a buɗe," in ji limamin. "Har bishop-bishop da suka zagi hotuna an karɓe su. Ka tsaya gaban jama'a ka ce, na ƙi ta, na lalata fuskarta, na tuba. Shi ke nan, ni zan ji da sauran."

"Ban lalata fuskarta ba."

"Baba, don Allah ka faɗa kawai," in ji Antusa, hannunta duk ƙullu. "Magana ce fa, ba dutse aka ce ka ɗauka ba."

"Ba zan tsaya gaban bagade in yi wa kaina ƙarya ba. Fuskar tana nan a ƙarƙashi."

Ya ba su labarin ƙyalle da kakin zuma, a gajarce, yana kallon ƙasa. Antusa ta saki abin da ke hannunta.

"Tana nan? Shekara da shekaru ana tofa mini yawu a bakin tanderu, tana nan? Inna ta mutu tana kuka a kanka, kai kana zaune kana kallonta, ka kasa buɗe baki?"

"Na kasa, 'yata."

"Wallahi kai dutse ne, Baba. Bangon ma ya fi ka magana."

Uba Filaret ya bari ta huce, sannan ya tambaya a hankali. "Ka tabbata tana nan?"

"A'a, Uba. Bangon yana fuskantar tafki, yana shan laima. Tun ranar ban sake ganinta ba. Mai yiwuwa ta ruɓe. Mai yiwuwa ta manne da ƙyallen, in na ja shi ta biyo shi."

"To ka saurare ni da kyau. In ka tuba yau, za a karɓa ko ba a so. In kuwa ka ce a buɗe, aka buɗe ba a ga komai ba, za su ce ka haɗa ɓarna da ƙarya a ɗakin Allah. A ranar ko ni ba zan iya tare maka ba. Wanne ka zaɓa?"

Tsohon ya dubi tafin hannunsa, wanda farar ƙasa ta cinye wa layuka.

"A buɗe," in ji shi.

Bishop ɗin gari ba shi da sukuni, baƙi sun yi masa yawa, sai ya wakilta wani tsohon bishop na wani ɗan tsibiri da aka sauke a unguwar. Na san shi daga zauren majalisa. Yana cikin waɗanda suka tsaya a tsakiya ranar farko, kai a sunkuye, suka janye abin da suka yi shekaru suna wa'azi da shi. Na ji labarin shari'ar a bakin mai masaukina, na bi jama'a don in ga yadda maganar da na yi ta fassarawa take in ta sauko ƙasa.

Ɗakin bai ɗauki mutum hamsin ba, sauran suka cika ƙofa da tagogi har bakin ruwa. A can baya akwai waɗansu tsofaffin sojoji da aka sallama, masu ƙin hotuna har gobe, sun naɗe hannu suna kallo. Sisinni ya jingina tsani, Antusa ta riƙe masa, fuskarta a ɗaure, ba ta ko dubansa.

"Ranka ya daɗe, daga ƙasa zan fara," ya ce wa bishop ɗin.

"Ka ji ɓarawo!" in ji Gorgoniya, wadda ta kafa kujerarta a sahun gaba. "Fuska muka zo gani, Rufe-Ido, ba ƙafa ba. Hau can ka fasa!"

"In na fasa tsakiya, Inna Gorgoniya, shafin shekara talatin zai ɓalle gaba ɗaya ya kwashe abin da ke ƙarƙashi. Sai na sauke na kewaye, na rage masa nauyi."

"Wa ce innarka? Uwarka tana kabari tana jin kunyarka."

Bishop ɗin ya ɗaga hannu. "Bar shi ya yi yadda ya iya, uwata. Rana tana da tsawo."

Ya sa bakin cokali ya ɓamɓare ɓawon farko. Ƙafar Maryamu ta fito, jan takalmi, da ramuka a jikinsa. Wani gunaguni ya ratsa ɗakin. Ya ci gaba. Mayafin ya fito, shuɗi mai zurfi, amma ko'ina sara, fari fari, kamar an watsa masa ƙanƙara. Tsofaffin da suka san hoton da ƙuruciya suka fara yin alamar gicciye. Da hannayenta suka fito a sassare, wata mata ta fashe da kuka. Da 'yar ƙafar Yaron ta fito da rami a tsakiyar tafinta, sai ɗakin ya yamutse.

"Ga shaida nan! Me ake jira?"

"Ku sauko da shi!"

Daga baya wani tsohon soja ya yi dariya ya ɗaga murya. "Aikinka ya yi kyau, mai yaɓe! Ƙarasa ta!"

Wannan yabon ya fi zagin cutar da shi. Wani ya wurgo dutsen taru, ya bugi tsanin. Na biyu ya sami Sisinni a bayan kunne, jini ya gangaro cikin wuyan rigarsa. Tsanin ya girgiza, Antusa ta rungume shi da ƙirjinta ta juyo da ihu.

"Wane ɗan banza ne? Fito in gan ka! Ku bari ya gama mana, in ƙarya yake ni zan fara jifansa!"

Tsohon bishop ɗin ya tako da sandarsa ya tsaya a ƙarƙashin tsanin, ya fuskanci jama'a.

"'Ya'yana, duk mai sauran dutse ya fara da ni. Abin da gizagon mutumin nan ya yi wa bango ɗaya, bakina ya yi wa tsibiri guda. Ni an bar ni na gama maganata kafin a yanke mini hukunci. Shi ma za a bar shi."

Jifa ya tsaya. Sisinni ya share jinin da hannun riga ya hau mataki na sama. Abin da ya rage yanzu shi ne farin faifai mai kauri, a daidai kawunan biyu. Ya ajiye cokali ya zaro wuƙa, ya shiga fere shi sannu sannu, ɓawo bayan ɓawo, kowane ɓawo shekara guda. Ƙura ta yi masa fari a gira da gemu. Can sai bakin wuƙar ya kama wani abu mai laushi. Zaren lilin ne, ya yi rawaya.

"Akwai ƙyalle," in ji wani na kusa, ya juya ya faɗa wa na baya. Maganar ta bi ƙofa ta fita har bakin ruwa.

"Ƙyalle ba fuska ba ne," in ji Gorgoniya. "Gawa ma ana rufe ta da ƙyalle."

Sisinni ya taɓa gefen lilin, ya ji kakin ya daskare kamar ƙashi. In ya ja a haka, zai ɗauko launi. Ya duƙo.

"Antusa, je ki kwaso burodin da ke wuta. Mai zafi, kada ki bari ya huce."

"In saki tsanin su kayar da kai?"

"Je ki, 'yata," in ji bishop ɗin, ya jingine sandarsa ya kama tsanin da hannu biyu.

Ta kutsa ta fita. Jiran nan ya fi komai tsawo. Sisinni na tsaye a sama, goshinsa kusan manne da ƙyallen, bai waiwayo ba. Ta dawo da kwando a lulluɓe, tururi na tashi.

"Au, walima za a yi mana?" in ji wani masunci. Aka ɗan yi dariya, ta mutu nan take.

Ya karɓi burodi ɗaya ya raba biyu, ya manna cikinsa mai zafi a kan lilin ya danne. Da ya huce ya sauya wani. Ƙamshin burodi da na zuma suka cika ɗakin. Da ya ji kakin ya saki, ya kama kusurwar sama da yatsa biyu, ya fara ja, a hankali kamar mai ɗaye tsumma daga gyambo.

Goshi ya fara fitowa. Sai gira. Sai idanu biyu manya, baƙaƙe, suna kallon ɗakin. Ba tabo ko ɗaya. Launin ya fi yadda tsofaffi suka san shi haske, don shekarun nan duka hayaƙin fitila bai taɓa shi ba. Na ji ƙarar gwiwoyi suna faɗuwa a daɓe. Hanci ya fito, baki ya fito. Sisinni bai tsaya ba, ya ci gaba da ja zuwa gefen Yaron, sai na ga kafaɗunsa sun sauka.

Gashin Yaron na nan, da goshinsa, da ido ɗaya. Amma ɗaya idon da rabin kuncin babu su. Wurin ya zama toka-toka, fanko.

"Ya ƙwaƙule idon Yaron!"

Waɗanda suka durƙusa suka miƙe. Aka matso, tsanin ya karkace, bishop ɗin na kiran a tsaya ba mai jinsa. Sisinni ya san ba wanda zai karɓi maganarsa a kan wannan.

Gorgoniya ce ta tsayar da su. Ta buga sandarta a daɓe ta miƙe.

"Ku matsa! Idona ya mutu, ba na ganin komai daga nan, kuma ba zan yarda da idon kowa ba. Rufe-Ido, sauko. Ku ɗaga ni."

"Inna, za ki faɗo," in ji Uba Filaret.

"In na faɗo ka binne ni, aikinka ne."

Masunta biyu suka tallafe ta ta hau, tana haki tana zaginsu. Ta fara shafa kafaɗar Maryamu, ta sa ɗan yatsa cikin ramin gizago, ta juya shi, ta ji kaifin bakinsa. Ta shafa wani, da wani. Sannan ta kai hannu wurin fankon. Ta daɗe tana shafawa, gaba da baya, da yatsun da suka shekara hamsin suna gane ruɓaɓɓen kifi tun kafin ya yi wari. Ta kai yatsan hancinta ta shinshina.

"Ba sara ba ne," in ji ta. "Sumul yake. Ruwa ne ya ci shi."

Aka sauko da ita. Ta tsaya gaban Sisinni, kanta bai kai ƙirjinsa ba.

"Kada ka ga na faɗi gaskiya ka ce mun shirya. Ka sami ƙyallen rufe fuskar bango. Fuskar ƙanena fa, wa ya rufe ta?"

"Ba kowa, Inna."

"To ka sani."

Ta ɗauki kujerarta da kanta ta fita, jama'a na buɗe mata hanya.

Bishop ɗin ya yanke hukunci a nan tsaye. Ba za a karanta sunan Sisinni ba. Zai ci Jibin Ubangiji ran Lahadi tare da kowa, wurinsa na bayan ɗakin kuma yana nan nasa. Amma ramukan da ke jikin hoton hannunsa ne ya yi su, don haka hannunsa zai cike su, ɗaya bayan ɗaya, kafin a kira mai zane. Waɗansu suka ce hukuncin ya yi sauƙi, waɗansu suka ce bai kamata a ɗora masa komai ba. Tsofaffin sojojin suka fice, ɗayansu ya tsaya a ƙofa ya nuna shi da yatsa, ya ce sarakuna ba sa ƙarewa. Antusa ta wanke wa ubanta ciwon da ruwan inabi, tana yi tana faɗa, kuma sai da ta yi mako ba ta ci abinci tare da shi ba. Sunan Rufe-Ido bai bar shi ba, sai dai yanzu akwai masu faɗinsa da dariya.

Baƙi suka watse, aka kwashe majalisar zuwa Birnin Sarki don rufewa, ni kuwa na nemi izini na zauna a gida. Nakan leƙa ɗakin addu'ar da hantsi in same shi a kan tsani, da ɗan ƙoƙon kwaɓi, yana cike rami da bakin wuƙa yana shafewa da babban yatsa. A irin wannan zama ne ya ba ni labarin rayuwarsa, gutsure gutsure, ba ya waiwayowa. Maganar sojan nan ta tsaya mini a rai, don wanda ya karanta labarin majalisu ya san abin da wata ta ɗaure, wata takan zo ta kwance. Ran nan na kasa haƙuri na tambaye shi.

"Baba Sisinni, in wani sarki ya hau gobe, ya ce a sake rufe ta, yaya za ka yi?"

Ya gama shafe ramin da ke gabansa, ya goge yatsa a riga.

"Zan riga kowa zuwa da tsani, ɗana. In na tsaya a gida, wani za su turo, shi kuwa har ido zai sara."